Ƙarin Gishiri a Labarin Yayana

Yayana ba ɓarawo ba ne. Na fara da wannan ne saboda akwai mutane da yawa, masu kyawawan takalma da sanyin murya, da suka ji daga bakinsa cewa shi ɓarawo ne, suka tafa masa, wasu har da share hawaye. In kin haɗu da ɗaya daga cikinsu ki gaya masa ƙanwar mutumin ta ce ƙarya aka sayar masa.

Ga abin da ya faru, ba gishiri ba barkono. Yaya kafinta ne. Tun yana ƙarami yake hannun wani tsohon kafinta har ya zama shi ne hannun damansa. Wata rana yana kafa kabad a bangon kicin na wani gida, tsani ya zame, ya faɗo ta baya. Asibiti suka rubuta masa ƙwayar rage ciwo. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta ƙi tafiya. Ya fara gyangyaɗi a kan bencin aiki, ya fara yanka katako a karkace, mutumin da idonsa kaɗai ya ishe shi awo. Maigidan ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ya sallame shi, amma sallama ta mutunci. Ya cika masa jakar fata da kayan aiki, zarto da guduma da filaya da abin awo, ya ce, "Riƙe. Ranar da ka dawo hayyacinka za ka neme su." Tsohon ya rasu kafin ranar ta zo.

Matarsa ta tattara nata ta tafi, kuma ban ga laifinta ba. Ya dawo gidan da nake haya ni da Inna, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Na bar masa ɗakina na koma na Inna, ina kwana a ƙasa. Ni na wanke amai, ni na wanke zanin gado, ni na bi shi lungu-lungu ina janyo shi gida da tsakar rana mutane suna kallo. Sau ɗaya ya ɗauki jakar nan zai kai kasuwa. Na tare ƙofa na fizge ta, na jefa a akwatina, na zauna a kan akwatin na ce sai dai ya sayar da mu tare. Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da kuka. Iyakar abin da ya taɓa yi da ya yi kama da laifi ke nan: ya yi niyyar sayar da kayansa na kansa.

Da Allah ya taimaka ya rabu da ƙwayar, sai muka gane ashe rabuwa da ita ce mai sauƙi. Duk shagon da ya je neman aiki labarinsa ya riga shi isa. Za a ba shi kujera, a tambaye shi jiki, a ce ya dawo wani satin. Ya yi ta dawowa har takalminsa ya buɗe baki.

Sai aka gaya mana wani wuri, tsohon sito ne a bayan layin masu walda. Suna karɓo tsofaffin kujeru da tebura da gadaje da mutane suka gaji da su, su gyara, su sayar da araha. Ma'aikatan duk irin waɗanda aka ce su dawo wani satin ne: waɗanda suka fito daga gidan yari, waɗanda suka bar shaye-shaye, wani kurma mai fenti, da wata mata mai sanduna biyu da ke ɗinka rigunan kushin, kowa Mai Ɗinki yake kiranta. Ba zan yi butulci ba. Wurin ya yi wa Yaya rana. Ya koma tashi da wuri, ya koma aske gemu, ya dawo gida yana warin gam da garin katako, Inna ta riƙa shaƙar warin kamar turare. Ranar da zai fara zuwa na fito da jakar daga akwati na miƙa masa.

Mai kula da wurin Manaja suke ce masa. Mutum ne mai sanyin baki, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi, kuma ba ya cewa ma'aikata, sai dai "'yan uwanmu". Yana da wata magana da yake maimaitawa: "Mu gada ne, ba masauki ba. Burinmu kowa ya tsallaka ya samu aiki a waje kamar kowa." Na ji daɗin maganar nan, na riƙe ta.

Abin da ban sani ba shi ne cinikin tsofaffin kujeru ba ya riƙe wurin. Masu ba da tallafi ke riƙe shi, kuma masu ba da tallafi suna son su zo su gani da idonsu. Ranar da za su zo a share sito, a jera kujerun da suka fi kyau, a dafa shayi, kowa ya saka wata koriyar riga mai rubutu a baya: An Ba Ni Dama. Sannan mutum ɗaya ya miƙe ya ba da labarinsa. Tun da Manaja ya ji muryar Yaya, mai taushi, ba gaggawa, da fuskar nan tasa ta mutumin da ba zai iya cin zalin kowa ba, sai aikin ya zama nasa.

Duk ranar baƙi da ciwon kai yake dawowa. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Na tambaye shi me ake yi masa a can.

"Ba komai, Auta," ya ce. "Manaja ne ya ce in riƙa ɗan ƙara gishiri. Wai abinci ba ya ciyuwa lami."

Na yi dariya na ce to kada dai ya zuba har ya gagari ci. A zatona cewa yake ya kwana uku bai ci ba alhali biyu ne.

Ni shara da goge-goge nake yi a wani dogon gini mai shaguna. A ƙasan ginin akwai babban kantin kayan ɗaki na wani dattijo da kowa ke kira Ba-Ragi, don ko uwarsa ce ta zo sayen kujera abin da zai gaya mata ke nan. Amma mutum ne mai magana ɗaya. Albashi a kan lokaci, ba zagi, ba wulaƙanci, kuma yaransa ba sa barinsa sai tsufa ya raba. Wata rana ƙafar kujerar da yake zama a kai ta karye, kujerar mahaifinsa ce, ya ce yaransa sun saba da sabon katako, ba su san ta kan tsoho ba. Na ce, "Baba, kawo in kai wa yayana." Na ɗauke ta a ka har gida.

Da na dawo da ita ya juya ta, ya shafa haɗin da babban yatsa, ya zauna ya girgiza jiki. Ya ce wane ne wannan yayan nawa, kuma me ya sa bai taɓa jin sunansa ba. Ban ɓoye masa komai ba. Na gaya masa tsani, na gaya masa ƙwaya, na gaya masa barci a kan benci da tafiyar matar. Ya saurara har na gama.

"Wannan ciwo ne," ya ce. "Wa ya fi ƙarfin ciwo? Ni abu ɗaya nake tambaya, 'yar nan. Yarana gidajen mutane suke shiga su kafa kabad. Matar gida ta bar musu mukulli ta tafi aiki, sarƙarta a kan madubi. Hannunsa fa?"

Na ce, "Baba, ko allura."

Ya gwada shi a ranakun hutu. Ya tura shi gida ɗaya, ya tura shi na biyu, masu gida suka bugo waya suna yabo. Daga nan ya ce zai ɗauke shi aiki sosai, amma shi ba ya janye yaron wani ta bayan gida, sai ya yi magana da mai wurin. Ya kira Manaja. Manaja ya yi murna kamar shi aka ɗauka, ya ce ai abin da suke fata ke nan, kuma ya zo a kan gaɓa, ranar Alhamis suna da manyan baƙi, Baba ya daure ya zo ranar, baƙi su ga gadar tana aiki, shi ma ya ga inda yaronsa ya fito.

A gida kuwa Inna ta kasa zama. Ta wanke wa Yaya fararen kayansa tun ba a ce ya fara ba. Yaya da kansa na ji yana ɗan waƙa a banɗaki, rabon da in ji haka tun kafin tsani. Na tsokane shi na ce in ya fara shiga gidajen masu kuɗi kada ya dawo yana raina tabarmarmu. Ya ce kujerar farko da zai yi da sabon katako tawa ce, don in daina zama a kan akwati.

Ranar Alhamis na roƙi wata ta riƙe mini aikina na bi Ba-Ragi. Karo na farko ke nan da na shiga wurin ranar baƙi. An share ko'ina fes, an jera kujeru, ga shayi ga biskit. Baƙin maza da mata, kowa da waya a hannu yana ɗaukar hoton kurma yana fenti. Mai Ɗinki ta matsa mini na zauna kusa da keken ɗinkinta. Ta raɗa mini cewa yau ba wasa, daga abin da waɗannan suka gani za a yanke ko tallafi zai ci gaba ko kowa ya koma gida. Aka ba Ba-Ragi kujera a sahun gaba, ya zauna ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

Manaja ya yi maganar gada. Sannan ya ce, "Yanzu ɗan uwanmu zai ba mu labarinsa."

Yaya ya miƙe cikin koriyar rigar nan. Ya kalli Ba-Ragi, ya kalle ni. Ya fara da tsani, daidai. Ya zo kan ƙwaya, daidai. Ya faɗi tafiyar matarsa. Sai ya yi sauri ya tsallaka ya ce daga nan Allah ya haɗa shi da wannan wuri mai albarka, ya gode, ya juya zai zauna.

Manaja ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka ji kunya, ɗan uwa, nan duk gida ne. Gaya musu maganar kayan aikin maigidanka."

Wata baƙuwa mai tabarau ta gyaɗa kai, da alama ta taɓa ji, ta zunguri ta kusa da ita irin ta saurara, yanzu za a zo wurin.

Yaya ya waiwaya. Ya kalli kurma da burushi a hannu, ya kalli Mai Ɗinki, ya kalli sauran masu koriyar riga da suka jeru a jikin bango kowa ya zuba masa ido. Sai ya sunkuyar da kai, muryarsa ta canza ta koma ta mai karatun hadda.

"Da ƙwaya ta ci ƙarfina, sai na sace kayan aikin maigidana na sayar. Mutumin da ya rene ni. Na shiga gidajen da ake tura mu aiki na riƙa ɗaukar abin da hannuna ya kai. Da 'yan uwana suka gaji, suka kore ni daga gida, na koma kwana a bakin titi, ba mai tambayar ko ina raye."

Wallahi na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. 'Yan uwansa suka kore shi. Ni da na bar masa katifata. Jakar da aka ce ya sace ya sayar kuwa ga ta can a kan bencinsa, a buɗe, kan gudumar ya leƙo waje, duk wanda ya juya zai gan ta. Na yunƙura zan miƙe, Mai Ɗinki ta damƙe mini zani da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Don Allah, 'yar uwa," ta ce a hankali, ba ta ko kalle ni ba. "Ina da yara."

Na zauna. Aka tafa. Mai tabarau ta cire tabarau ta goge ido. Manaja ya juya da fara'a zai gabatar da mai kantin da zai ɗauki ɗan uwanmu aiki, sai ya tarar kujerar ba kowa. Ba-Ragi ya riga ya kai ƙofa.

Na cim masa a waje, wajen masu walda, ƙarar ƙarfe ta cika ko'ina har sai da na ɗaga murya. Na ce Baba ƙarya ce, wallahi ƙarya ce, tsara masa aka yi don baƙi, kayan kyauta aka ba shi, ni na ɓoye su da hannuna, ya zo ya gani suna nan. Yaya ya fito a guje ya same mu, har yanzu da rigar a jikinsa, yana haki.

"Baba, ban taɓa ɗaukar abin kowa ba," ya ce. "Abin da ake so in faɗa ne."

Ba-Ragi ya dube shi. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"Maigidan naka yana ina, in tambaye shi?"

"Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. To yaro, ka taimake ni. Yanzun nan a gaban mutane ka ce kai ɓarawo ne. Yanzu a gabana ka ce kai maƙaryaci ne, kana faɗin abin da ake so in an sa ka. Wanne daga ciki zan ba mukullin gidan mutane?"



"Kuma ko ni na yarda," in ji tsohon, "waɗancan duk sun ɗauka a waya. Ranar da cokali ya ɓata a gidan wani, a ce ga yaron Ba-Ragi yana faɗa da bakinsa, me zan ce? Hannunka yana da kyau. Na so ka." Ya juya wurina. "'Yar nan, ki yi haƙuri." Ya tari mota ya tafi.

Ban jira baƙi su gama shan shayi ba. Na tsaya a ƙofar ɗan ofishin Manaja har ya rako su ya dawo, na bi shi ciki na turo ƙofa. Na wanke shi tas. Na ce, "Yallaɓai, gadar taka ke nan? Ka kai mutum tsakiya ka zare katako? Wa ya kore shi? Ni? Dube ni da kyau, ni ce 'yan uwan da suka kore shi, ga bayana har yau yana ciwo saboda kwanan ƙasa. Wane gida ya shiga ya yi sata? Faɗa mini lungun, in je in ba su haƙuri."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na ji sauƙi. Ya ce in zauna, na ƙi. Ya ce, "Malama, na yi kuskure da na gayyato dattijon yau, ban yi tunani ba. Na ɗauka zai ji tausayi kamar kowa."

Na ce, "Shi ba tausayi ya zo saye ba, kafinta ya zo ɗauka."

Ya shafa fuska. Ya ce da farko ai gaskiyar Yaya yake faɗa, tsani da ƙwaya da ƙanwa mai haƙuri. Baƙi su saurara, su ce Allah sarki, su tafi wurin da labarin ya fi zafi. Wai mutumin da ke da uwa da ƙanwa da ɗakin kwana, a idon mai ba da tallafi bai kai abin taimako ba. Sai aka ɗan taɓa nan, aka ɗan taɓa can. Jakar da ya so sayarwa ta zama jakar da ya sayar, daga nan ta zama jakar da ya sace. Ya ce shi ko kwabo ba ya shiga aljihunsa, in je in tambaya. Ya nuna mini ta taga, su kurma suna mayar da kujeru. "In ban da labarin yayanki, da tuni na rufe wurin nan. Ki gaya mini wanda zan fara sallama."

Na san ba ƙarya yake yi ba a wannan, kuma sanin bai rage mini komai ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zo sito ranar baƙi ba. Tana 'ya'ya sosai, mutane da yawa suna ci, sai dai daga jikin mutum ɗaya ake tsinka. Na ce masa, "Ka sayar da sunansa ka biya haya. Katako in ya karye yayana yana haɗa shi. Wannan wa zai haɗa?" Ya ce zai je da kansa ya yi wa dattijon bayani. Ya je kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ba-Ragi ya ba shi kujera, ya saurare shi, ya ce yanzu maƙaryatan sun zama biyu.

A gida Inna ta ga fuskokinmu ta ninke fararen kayan ta mayar cikin akwati. Sai da ta matsa na gaya mata. Maganar sata ba ta ma tsaya a kanta ba, ta ce ɗan da in ya tsinci kuɗi a hanya yake bin mutane yana tambaya. Maganar kora ce ta zauna mata. Ta kira shi ta ce, "Ni na kore ka?" Ya durƙusa a gabanta ya kasa ɗago kai. Ta ce, "A'a, tambaya nake, ko na yi na manta, ka san tsufa." Na fita tsakar gida na hau wanke kwanonin da na riga na wanke.

Na yi kwanaki ba na yi masa magana. In na zuba abinci in ajiye a ƙofar ɗakinsa kamar na baƙo. A wurin aiki kuma sai na share gaban kantin Ba-Ragi kullum, in ga sabon yaron da ya ɗauka yana loda kabad a mota. Tsohon yana gaishe ni kamar da, har ya fi da. Kujerar mahaifinsa tana nan yana zama a kai, ko motsi ƙafar ba ta yi.

Tallafin ya ci gaba. Mai Ɗinki ta aiko mini da rigar matashin kai mai kyau, ba saƙo ba komai. Ban san ko godiya ce ko ban haƙuri ba, na saka a akwati.

Da wani zuwan baƙin ya kusa, da safe ina shirin fita na ji murya a ɗakin Yaya, muryar haddar nan. Na tsaya a bakin labule. Yana gaban ɗan madubin da ke jikin bango, yana gwadawa.

"Har na samu aiki a wani babban kanti. An gwada ni, an yaba. Amma da mai kantin ya ji tarihina, sai ya ce ba ya ɗaukar irina." Ya dakata, ya sake faɗa, a hankali, ya ɗan ja numfashi kafin "irina".

Na ɗaga labulen. "Wannan kuma fa?"

Bai firgita ba. "Manaja ya ce in ƙara a ƙarshe. Ya ce a nan za su gane har yanzu ana buƙatar wurin."

Na ce, "Wato wuƙar da suka yanka ka da ita ma sai an nuna wa baƙi." Na ce ya ajiye musu rigarsu ya fito, ko dako ne ya yi, ko ni in ci gaba da riƙe gidan, ai na saba. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su da daɗi. Ya bar ni na gama.

"In fito in je ina, Auta?" ya ce. "Da can cewa ake na sha ƙwaya. Yanzu akwai ni a waya ina cewa na yi sata. Nan ne kaɗai wurin da aka san ƙarya ce."

 Ya ɗauko koriyar rigar daga kan ƙusa, duk ta yamutse, ya miƙo mini kamar yadda yake miƙo mini kayansa tun ina yarinya. Na karɓa. Na jona dutsen guga na goge ta a kan tabarma, gaba da baya, na bi ta kan rubutun nan har sai da ya kwanta. Raina yana tafasa, hannuna yana aiki.

Ya saka, ya tsaya a ƙofa yana gyara wuya.

"Na cire maganar kora," ya ce. "Na gaya wa Manaja ko zai sallame ni ba zan ƙara cewa kun kore ni ba. Ya yarda. Ki gaya wa Inna."

Na ce, "Satar fa?"

Ya sunkuya ya ɗauki jakar fatar, ya rataya a kafaɗa, kayan suka yi ƙara a ciki.

"Ita suka fi so," ya ce, ya fita.